Masu Damuwa Na Kira, Wa Ke Ɗaukar Wayar?

A ƙasar Hausa ba a rasa 'yan zaman makoki. Ranar da aka yi rasuwa gida kan cika maƙil, a shimfiɗa tabarmi har bakin titi, a yi sadakar uku, wasu su ƙara da ta bakwai da ta arba'in. Daga nan sai ƙafa ta ɗauke. Matar mamacin kuwa da sauranta, domin takaba wata huɗu ce da kwana goma, kusan duk a cikin gida, ga marayu, ga maganar gado ta fara tayar da ƙura. Duk wanda ya leƙo abin da zai ce ɗaya ne: "Sai haƙuri." Gaskiya ya faɗa. Amma idan dare ya tsala, barci ya ƙi zuwa, babu abin da ya fi kusa da hannunta kamar wayar salula.

Shin ƙwararre zai iya taimakon irin wannan baiwar Allah ta waya ko ta intanet? Haka wanda shaye-shaye ya kama, da ma'auratan da zama ya yi musu tsami? Zai iya, zuwa wani mataki, kuma Arewa ba ta da dalilin yin ƙasa a gwiwa a kan wannan hanya.

Najeriya na da mutum sama da miliyan 200, amma likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, wasunsu ma sun haɗa kaya sun yi ƙasashen waje. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa ana iya ƙirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, sai Dawanau a Kano. A ɗaya ɓangaren, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma duk mutum huɗu a cikinsu ɗaya mace ce.

Nisa da kuɗin mota matsala ce, amma kunya ta fi su nauyi. Uwar da ta tsinci kwalaben kodin a ƙarƙashin katifar 'yarta budurwa ta san inda Dawanau yake. Abin da ke hana ta zuwa shi ne kada wani ɗan unguwa ya hango su a bakin ƙofar asibiti, magana ta kai gidan surukai, a aiko a karɓi kayan lefe. Sai ta rufe bakinta, wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In abin ya gagara a nemi gidan mari. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019: mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har da biyan kuɗi, saboda ba su san wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba tare da asirinsu ya tonu ba.

Waya tana ba da wannan rufin asirin. Babu layi, babu katin asibiti, babu mai ganin shigar mutum ko fitarsa. Tun 2022 hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta buɗe layin kira kyauta, dare da rana, 0800 1020 3040, inda masana halayyar ɗan'adam ke sauraron masu shaye-shaye da iyalansu. Ƙungiyar She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016, ita ma tana da layin taimako. A Zimbabuwe kuwa, Dakta Dixon Chibanda horar da tsofaffin mata ya yi, suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa. An gwada tsarin a kimiyyance an ga yana aiki, da annobar korona ta zo aka mayar da wani ɓangarensa kan WhatsApp. Ashe ba lallai sai babban likita ba. Mai horo, wanda ya iya sauraro kuma ya san inda iliminsa ya tsaya, zai rage wa mutane da yawa nauyi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mutanenmu sun riga sun kai kukansu waya, sai dai ba hannun ƙwararru ya faɗa ba. Facebook da TikTok cike suke da masu kiran kansu masana zaman aure. Mace ta tura saƙo a ɓoye tana kuka da kishiya ko uwar miji, washegari ta ga labarinta a fili, ɗaruruwan mutane na yanke hukunci, wannan ya ce ta nemi saki, wancan ya ce sammu ne. A ƙarshe a turo mata lambar asusun banki da tallar kayan mata. Babu wanda ya tambaye ta ko tana barci, ko tana cin abinci, ko ta taɓa tunanin halaka kanta.

Ko manyan kamfanoni ba a sake musu jiki. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai ba masu damuwa shawara ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 saboda ya miƙa bayanan masu neman shawara ga irin su Facebook domin talla. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a wannan shekarar, amma doka ba ta shiga tsakar gida, inda waya ɗaya ke yawo tsakanin maigida da uwargida da yara masu kallon bidiyo. Duk tsarin da zai bar saƙonni a waya bai san gidajenmu ba.

Akwai kuma abin da waya ba za ta iya ba. Matashin da tiramadol ya kai shi ga farfaɗiya gadon asibiti yake buƙata. Matar da ake duka mafaka take buƙata da hukuma. Wanda ya fara maganar kashe kansa sai an kai gare shi da gaggawa, ga shi sashe na 231 na dokar Penal Code ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi, abin da ke ƙara sa mutane yin gum. Aikin mai ɗaukar waya a nan shi ne ya gane haɗarin, ya san asibiti mafi kusa, ya kuma bi sawu.

Masu cewa addu'a ta wadatar ba su yi kuskure wajen girmama addu'a ba, amma mai hawan jini ma yana addu'a kuma yana shan maganinsa. Limamin da ya karanta lambar ƙwararru bayan huɗubar Juma'a ya yi wa unguwarsa babban aiki.

A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Abin da ya rage yana hannun gwamnonin Arewa da kwamishinoninsu na lafiya. A buɗe layin kira kyauta, domin kuɗin kira da data sun tashi a 2025 kuma wanda ya fi buƙata shi ne marar kati. A yi shi da Hausa, da Fulatanci da Barbarci inda ya dace, kuma da murya, tunda ba kowa ke iya rubutu ba. A sa mata masu horo su riƙa amsa kiran mata, a ɗaure layin da asibitocin Barnawa, Kware, Maiduguri da Dawanau, sannan a sanar da lambar a gidajen rediyo kamar yadda ake sanar da allurar rigakafi.