Wa Ke Da Arkilla?

Duk wanda ya bi hanyar Kalambaina daga cikin Sakkwato ya nufi Wamakko, ba zai iya nuna maka inda birni ya ƙare ba. Gidaje ne manne da juna, da shaguna, da gidajen mai, da makarantun kuɗi, da masallatan Juma'a, har ka fara hango dogayen gine-ginen kamfanin siminti. Mutanen da ke kwana a nan su ne za ka tarar da safe a sakatariyar jiha, da Babbar Kasuwa, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma a takardar gwamnati wannan unguwa ta Arkilla ba ta cikin Sakkwato ta Arewa, ba ta cikin Sakkwato ta Kudu. Mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Wamakko, kamar Bado da Dundaye da Kalambaina. Haka Kwannawa da Dambuwa suke ƙarƙashin Dange-Shuni, More kuma take ƙarƙashin Kware. Birnin ya tumbatsa ya shiga ƙasar maƙwabta, ya kwashi talakawansa da ƙananan ma'aikatansa ya zuba a can, hukumar da ta kamata ta biyo su da hanya da ruwa da magudana kuwa ta yi zamanta.

Wannan abu yana ci mini rai, kuma ba na jin akwai wani uzuri da ya rage wa kowa.

Ga yadda unguwa ke tsirowa a bayan Arkilla. Manomi ya gaji, ko gado ya faɗo a raba, sai a kira dillali. Dillali ya zo da igiya da fegi, ya yanka gonar gero fuloti-fuloti. Burinsa ɗaya ne, ya fitar da fuloti mafi yawa daga gonar. Don haka hanyar da zai bari ba ta wuce ta kabu-kabu biyu su gifta ba. Filin makaranta ba ya cikin lissafi. Na asibiti ba ya ciki. Maƙabarta ma sai an yi rasuwa ake tunawa da ita. Kwarin da ruwan damina ya saba bi tun kakannin kakanni, da yake rani ne ya bushe, shi ma a buga masa fegi a sayar wa malamin firamare da ya yi shekaru yana zubin adashe. A rubuta 'yar takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa ko hakimi ya buga hatimi, an gama ciniki. Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi aka gina mafi yawan abin da ke bayan manyan tituna a gefen Sakkwato.

Sai gini ya tashi. Wannan ya ci taku biyu na hanya da dakalinsa, wancan ya haƙa ramin shadda a wajen katangarsa, na gaba ya fitar da shago. Ruwan wanka da na wanke-wanke kowa ya huda bango ya sako shi tsakiyar lungu, ya yi baƙi, ya kwanta, yara na tsallakawa da takalmin makaranta a hannu. Ranar da mace ta fara naƙuda da tsakar dare, Keke Napep ba zai iya kaiwa ƙofar gida ba, sai a riƙo ta a hannu har bakin titi. Ranar gobara kuwa, motar kashe wuta a bakin kwalta za ta tsaya tana kallon hayaƙi.

Kada wani ya ce babu doka. Tun 1978 dokar mallakar ƙasa ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, ya riƙe su amana saboda jama'a. Jihar nan tana da ma'aikatar filaye, tana da hukumar tsara birane, tana da masu awo da aka horar da kuɗin talakawa. Ina suke ranar da ake buga fegi? Abin da mutane ke gani shi ne jan fenti a jikin bango bayan gini ya kai linta, wai a dakata da aiki. Bayan 'yan watanni ginin ya samu rufi, jan fentin na nan a jikinsa har a shafe shi da filasta. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Hukumar da ba ta zo ranar awo ba, zuwanta ranar rufi cin zali ne kawai ga wanda ya riga ya zuba guminsa.

Abin da ya fi ƙona mini zuciya shi ne garin da ake yin haka a cikinsa. A 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato, ya kewaye ta da ganuwa, aka tsayar da ƙofofin da har yau muke kiran sunayensu: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya da sauransu. Da ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817, ya yi ta kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, Wurno ce mafi shahara cikinsu, kuma a can ya yi zamansa har aka rufe shi. Bai tura mutane bakin daji ya juya musu baya ba. Ya sa a gina musu ganuwa da masallaci, ya ba su malamai da shugabanni, ya ƙarfafa noma da sana'a. Mutumin da ba shi da katafila, ba shi da kason wata-wata daga Abuja, ya fahimci cewa zaunar da jama'a aikin mai mulki ne. Mu da muke bugun ƙirji da sunansa a kowane taro, mun bar wannan aiki a hannun dillalai.

Ba a ce gwamnatoci ba su taɓa yin komai ba. Tun da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kuma ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, an gina rukunonin gidaje masu tsari: lokos na Arkilla da na Gwiwa, daga baya na Bado da na Kalambaina. Shiga ciki ka ga layuka a miƙe, mota na iya juyawa. Ashe an iya. Amma gidaje ɗari-ɗari ne a garin da ke ƙaruwa da dubbai, kuma da ka fita bayan katangarsu ta ƙarshe, tsarin ya ƙare.

Je ka batun ruwa. Gulbin Rima da na Sakkwato a gefen garin nan suke haɗuwa. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 an gina ta ne ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. An yi aikin ruwa na Asari, an yi alkawura a kowane zaɓe. Duk da haka, a lungunan bayan Arkilla akwai gidajen da ba a taɓa shimfiɗa bututu ta ƙofarsu ba, balle a yi maganar famfo ya kafe. Ruwansu na hannun ɗan ga-ruwa da kurarsa mai jarkoki, wanda shi ma bawan Allah ne da ke turawa cikin yashi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. In wani mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse ya fito da kan famfo ta jikin katangarsa, tun kafin kiran assalatu za ka ga bokitai a jere, an ɗora dutse a kan kowane don kama layi. Masu tsaron layin yara mata ne. Wadda ta samu ruwa da hantsi, makarantar ranar ta wuce ta. Idan aka ɗauke wuta, tankin ya ƙare, sai a watse hannu biyu, uwa ta ƙara cire kuɗin cefane ta ba mai kura. Talakan gefen gari yana sayen ruwa da tsadar da mazaunin gidan gwamnati bai taɓa sani ba, kuma ruwan nasa ne mara tabbas.

Na ce mara tabbas, domin a unguwar da babu tsari, rijiyar wannan gida tana maƙwabtaka da masan wancan. A 2021 cutar amai da gudawa ta ratsa Najeriya, Sakkwato na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. An yi jaje, an raba magani, an yi wa'azin wanke hannu a rediyo. Hanyar da cutar ke bi ta shiga randa kuwa tana nan yadda take.

Damina na zuwa da nata. Ruwan Sakkwato ba shi da yawa, watanni kaɗan ne, amma idan ya sauko da ƙarfi yake saukowa, kuma hanyarsa ta dā yake nema. Mun ga haka da idonmu a watan Satumba na 2010, lokacin da Rima ya cika ya yanke hanyar zuwa mazaunin jami'a na dindindin a Dundaye, aka koma ƙetarawa da kwalekwale, karatu ya tsaya. Wancan babba ne, duniya ta ji. Ƙananan da ke faruwa kowace shekara ba sa shiga labarai: katangar bulo ta faɗi, ɗakin laka ya zauna, buhun hatsi ya jiƙe, magidanci ya kwana yana kwarfar ruwa da tasa. Mutanen Mabera da suke cikin gari ma sun shekara da shekaru suna wannan kuka kafin a waiwaye su, ina ga wanda ke bayan gari?

Kuma duk wannan a ina? A kan hanyar siminti. Tun 1962 aka kafa kamfanin siminti na Arewa a Kalambaina, ya fara aiki a 1967. Yanzu yana hannun kamfanin BUA, an ƙara masa sabon layi mai tan miliyan ɗaya da rabi a 2018, aka ƙara wani mai tan miliyan 3 a 2022. Dare da rana tireloli na wucewa ta gaban Arkilla da lodin da za a gina biranen wasu. Ba kamfani nake tuhuma ba, kamfani ba gwamnati ba ne, gina magudana ba wajibinsa ba ne. Ina tambayar masu karɓar haraji ne: ta yaya ƙasar da ake haƙo dutsen siminti daga cikinta za ta rasa kwalbati?

Amsar tana cikin wancan rabon iyaka. Arkilla ta zama agola. Ka kai kuka ƙaramar hukuma, a ce maka aikin ya fi ƙarfinta, na jiha ne. Gaskiya kuma shugaban Wamakko yana da Gumbi da Gwamatse da Kammata a wuyansa, ƙauyukan da su ma suke da haƙƙin rijiya da ɗakin shan magani. Ka kai kuka jiha, a ce lungu aikin ƙaramar hukuma ne. Kuɗin jiha kuwa inda baƙo zai gani yake tafiya: gadar sama a Rijiyar Ɗorowa, gadar sama a Runjin Sambo, shataletale mai fitilu. Ban ƙi a ƙawata gari ba, amma wanda ya fara da kwalliya alhali yara na shan ruwan da ke kashe su, ya juya lissafi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mutanen Arkilla suna da ikon su tambayi ciyaman da kansilansu nawa ya shigo, kuma me aka yi da shi, a faɗa musu a bainar jama'a. Wannan ƙaramar hukuma ce ta fitar da Aliyu Magatakarda Wamakko, gwamna daga 2007 zuwa 2015, sanata tun daga lokacin. Ba za a ce yankin ba shi da mai faɗa a ji ba. Ranar zaɓe ba a taɓa rasa hanyar shiga waɗannan lunguna da akwatin ƙuri'a ba.

Yanzu kuma wani nauyi ya ƙaru. Ta'asar 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah ta koro mutane zuwa birni, kuma ba tsakiyar gari suke samun wurin kwana ba. Kangayen gefen gari suke shiga, ɗaki ba ƙofa ba taga, a rataya buhu ko tsohon zane. Yawancinsu mata ne da ƙananan yara, waɗanda dā suke da rumbu da awaki, yau suna bin gidaje neman wankau ko ragowar tuwo. Rabon da a ƙidaya mutanen ƙasar nan tun 2006, lokacin da aka ce duk Wamakko ba ta kai mutum dubu 180 ba. Da wane lissafi ake tsara ajujuwa da gadajen asibiti a yau?

Mu mazauna ma ba za mu wanke hannu ba. Wanda ya ci hanya da dakali ya san haƙƙin hanya a Musulunci, yana jin sa a wa'azi. Wanda ya juye shara a kwari da daddare ya san gidan wa ruwan zai shiga. Alhajin da ya saye fuloti ashirin ya kewaye ya bari yana jiran tsada, shi ya sa ƙaramin ma'aikaci ya koma sayen hanyar ruwa. Iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, da girmamawa nake faɗa, Allah ya ja zamaninku: hatiminku amana ne. Wanda ya ƙi sa hannu sai an bar hanya da filin makaranta da maƙabarta, ya yi wa jikokin talakawansa abin da ba gwamnan da zai yi musu.

Gwamna Ahmed Aliyu da majalisar dokokin jiha suna da abin yi da ba ya buƙatar jiran Abuja. A ɗora birnin nan da gefensa, daga Arkilla zuwa More zuwa Kwannawa, a kan hukuma ɗaya da za a iya kama sunanta idan lungu ya cika da ruwa. Inda aka riga aka gina, a shiga da magudana da bututu, wanda za a taɓa katangarsa a biya shi diyya ta gaskiya. Inda ba a gina ba tukuna, a nan ne gaggawar take. Gonakin da ke bayan Bado da Kasarawa da hanyar Wamakko suna nan, ana girbe gero dillalai za su shiga da igiya. A tura masu awon gwamnati su riga su, su fitar da titi da hanyar ruwa da filayen jama'a, a kafe taswirar a ƙofar gidan hakimi kowa ya gani kafin ya biya ko sisin kwabo.