Mu daina cika batirin laftof har wuya



Kowa ya san halinmu. Da zarar an kawo wuta sai mu ruga soket, mu jona waya da laftof, ba za mu cire ba sai sun kai 100. Ba a ga laifinmu ba, domin wanda bai san lokacin da za a ɗauke wuta ba dole ya yi guzuri. Sai dai wannan ɗabi'a tana cin batiran da yawa daga cikinmu, musamman masu shagon buga takardu, masu yi wa ɗalibai rajistar JAMB, da matasan da ke riƙe wa iyayen gidansu lissafin shanu a kara da mayanka. Irin waɗannan na'urori yini suke yi a jone da janareta ko sola.

Batirin laftof na litiyom ne, kuma abu biyu ke saurin tsofar da shi: zama a cike na tsawon lokaci, da zafi. A shago mai rufin kwano cikin watan Maris, duka biyun sun haɗu. Shi ya sa batirin da ke kai awa huɗu sai ya koma ko awa ɗaya ba ya yi. Wani ma kumbura yake har ya ɗago madannai. Wanda ya ga haka ya daina jona shi, ya kai a canza, don yana iya kamawa da wuta.

Kamfanonin da kansu sun san da matsalar, sun kuma sa maganinta a cikin na'urar. Mai Lenovo ya buɗe Lenovo Vantage ya kunna Conservation Mode. Mai ASUS zai samu zaɓi a MyASUS na tsayar da caji a 80. Dell na da irin wannan saiti a BIOS, haka ma yawancin HP na ofis irin su EliteBook, waɗanda muka fi saye na hannu a Computer Village da ke Ikeja. Ko sisi ba a biya, kuma aikin bai fi minti biyar ba.

Wani zai ce: a garin da wuta ba ta da tabbas, ina hikimar barin kashi 20 a banza? Maganarsa da gaskiya. Ɗalibin da ke ɗaukar laftof zuwa makaranta kullum, ko wanda zai hau jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa Ibadan, ya cika abinsa, don ranar aka yi batirin. Da wanda na'urarsa ba ta barin tebur muke magana. Shi kashi 20 ɗin da yake ganin ya tara, batirin zai ƙwace shi da kansa tun kafin lokacinsa, ya ƙara da wani. Sabon batir kuwa da dala ake shigo da shi, kuma na jabu sun cika kasuwa.

Muna roƙon matasanmu da suka san kwamfuta su taimaka wa maƙwabta da wannan saiti. Mu kuma daina ɗora laftof a kan katifa, domin tana toshe mata hanyar iska. Wanda zai ajiye tasa ya tafi gida Arewa yin Sallah, ya bar batirin a wajen rabi, ya kashe ta.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.