Waiwaye: Amincin Maza a Tsofaffin Littattafan Amurka

A cikin littafin Moby-Dick, wanda Herman Melville ya fitar a 1851, wani matashi mai suna Isma'il ya iso garin New Bedford cikin sanyin Disamba, aljihu ba nauyi, yana neman aiki a jirgin masu farautar wel, ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kashewa a lokacin don a sami man fitila. Masauki ya cika. Mai masaukin ya ce ba abin da ya saura sai rabin gadon wani mai jifa da mashi da bai dawo daga gari ba. Isma'il ya gwada benci, sanyi ya kore shi, ya haƙura ya hau gadon. Can tsakar dare mai gado ya shigo: Kwikweg, mutumin wani tsibiri na tekun Fasifik, jiki duk zane, ga ɗan gunkinsa na katako. Kowanne ya firgita da ganin ɗan'uwansa, sai da mai masauki ya zo ya sasanta su. Da gari ya waye Isma'il ya farka ya tarar da hannun baƙon a kansa, shi kuwa yana ta sharar barci.

Ba a sake kwana ba suka zama aminai. Suka sha taba a lofe ɗaya, Kwikweg ya haɗa goshinsa da na Isma'il, ya shaida masa cewa in ta kama zai ba da ransa dominsa. Sannan ya zazzage kuɗinsa, kimanin dala 30 na azurfa, ya kasa biyu daidai, ya tura wa Isma'il kashi ɗaya. Ban yarda da duk abin da Melville ya sa a wannan wuri ba. Ya sa Isma'il ya taya amininsa bautar gunki da sunan zumunci, ya kuma laƙaba wa azumin gunkin sunan Ramadan, abin da ke nuna ƙarancin saninsa da Musulunci. Amma a fannin aminci, mutumin ya san abin da yake faɗa, domin shi kansa ya shiga jirgin farauta a 1841, ya ga yadda maza ke riƙe ran juna a tsakiyar teku.

Dubi batun igiya. Idan an kashe wel aka ɗaure ta a gefen jirgi, Kwikweg ne ke sauka a kan gawar mai santsi don ya maƙala ƙugiya, kifaye masu cin mutane na kewaya ƙafafunsa. Igiya ɗaya ce a ƙugunsa, ɗaya bakin kuma a ƙugun Isma'il da ke sama. Ƙa'ida da mutunci sun hana a yanke ta. In Kwikweg ya nutse, to da Isma'il za a tafi. Daga baya zazzaɓi ya kwantar da Kwikweg har ya sa kafintan jirgi ya ƙera masa akwatin gawa, sai kuma ya warke, aka toshe kafofin akwatin aka mai da shi abin ceton wanda ya faɗa ruwa. Ranar da jirginsu, Pequod, ya nutse da kowa da kowa saboda taurin kan kyaftin Ahab, akwatin nan ne ya taso, Isma'il ya rungume shi yini da kwana har wani jirgi ya tsince shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙirƙirar marubuci ce kawai. Haka maza da yawa suke a Amurkan wancan zamani. A watan Afrilun 1837 Abraham Lincoln ya shiga kantin Joshua Speed a Springfield yana tambayar kuɗin kayan shimfiɗa. Aka ce dala 17, ya ce ba shi da su. Speed ya ce akwai babban gado a ɗakinsa na sama, ya zo su raba. Kusan shekara huɗu suna ɗaki ɗaya, kuma ko da suka saɓa a kan bauta daga baya, don Speed ɗan gidan masu bayi ne na Kentucky, amincin bai tsinke ba. Melville kansa ya haɗu da marubuci Nathaniel Hawthorne a watan Agustan 1850, a wani yawon hawan dutse a Massachusetts. Hawthorne ya girme shi da shekara 15. Melville ya sadaukar masa da Moby-Dick, kuma da Hawthorne ya yaba littafin, ya rubuta masa wasiƙa yana cewa ji yake kamar zukatansu sun yi musayar ƙirji. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya yake rubuta wa wani magidancin haka, ba tare da jin ya yi abin kunya ba. A Nuwamban 1851 Hawthorne ya bar yankin, zumuncin ya yi sanyi, kuma ganawarsu da aka fi tunawa bayan haka ita ce ta Liverpool a 1856, lokacin Hawthorne na ƙaramin jakadan Amurka a can.

Tun kafin Melville, James Fenimore Cooper ya share wannan hanya da littattafai biyar da ya fitar tsakanin 1823 da 1841, a kan farin maharbi Natty Bumppo da amininsa Chingachgook, ɗan asalin ƙasar daga ƙabilar Mohikan. A ƙarshen The Last of the Mohicans na 1826, an kashe ɗan Chingachgook tilo, sai maharbin ya kama hannun uban a bakin kabari, su biyun suna zubar da hawaye.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na Mark Twain, Adventures of Huckleberry Finn, da ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885. Huck yaro ne farar fata da ya gudu daga ubansa mashayi. Jim bawa ne da ya gudu bayan ya ji uwargijiyarsa, Miss Watson, na shirin sayar da shi can kudu a kan dala 800. Suka haɗu suka bi kogin Misisifi a kan wasu katakai da aka ɗaure suna iyo. Jim kan ci gaba da gadi har asuba don kada ya tashi yaron daga barci. Da suka ga gawa a wani gida da ambaliya ta kwaso, Jim ya rufe fuskarta ya hana Huck kallo, ashe ubansa ne. Wani dare hazo ya raba su, da Huck ya dawo sai ya yi wa Jim wasa da hankali, ya ce ai mafarki ya yi. Da Jim ya gane, ya faɗa masa cewa shi zuciyarsa ta kusa karyewa don ya zaci ya rasa shi, Huck kuwa abin da ya dame shi yadda zai mai da tsoho abin dariya. Yaron da aka raina a kan cewa baƙar fata dukiya ce ya tashi ya je ya ba bawa haƙuri.

Sannan babbar jarrabawa ta zo. An kama Jim. Duk abin da aka koya wa Huck, a gari da coci, yana gaya masa cewa taimakon bawa ya gudu sata ce, mai yin ta kuma ɗan wuta ne. Ya zauna ya rubuta wa Miss Watson takarda yana faɗa mata inda bawanta yake. Sai ya tuna darare a kan kogi, da gadin da Jim ke yi masa, da ranar da Jim ya ce ba shi da wani aboki a duniya sai shi. Ya yayyaga takardar, alhali ya gaskata a ransa cewa wuta ya zaɓa. Yaron bai san cewa shi ne ke kan gaskiya ba, garin duka kuma a kan ɓata.

A nan ne nake ganin abin da ya kamata a tsaya a kai. Duk waɗannan aminai a kan ruwa suke, ko a dawa. Da zarar an tako tudu, inda kotu da kasuwar bayi suke, sai amincin ya rasa wurin zama. Kuma kusan kullum wanda fatarsa ta fi duhu shi ke biyan kuɗin. Kwikweg ya nutse, Isma'il ya tsira ya ba da labari. Chingachgook ya ƙare tsoho da giya ta lalata, babu ƙabila, babu magaji, kuma shekara huɗu bayan fitowar littafin da ke ɗauke da wancan kukan na bakin kabari, a 1830, majalisar Amurka ta yi dokar korar 'yan asalin ƙasar zuwa yammacin Misisifi. Jim kuwa, abokin Huck, Tom Sawyer, ya mai da fitar da shi daga kulle wasan yara na makonni, alhali ya san Miss Watson ta rasu ta 'yanta shi a wasiyya, kuma Huck ya bi Tom. A watan Afrilun 1851, Melville na tsakiyar rubuta amincin Isma'il da Kwikweg, surukinsa Lemuel Shaw, babban alƙalin Massachusetts, ya ƙi sakin Thomas Sims, bawan da ya gudo Boston, aka mai da shi Georgia ƙarƙashin dokar 1850 ta mayar da bayin da suka gudu. Marubutan sun ga abin da ya dace, sun zana shi da kyau, amma ba su iya zana garin da farar fata da baƙi za su zauna a matsayin aminai daidai wa daida ba, domin ƙasarsu ba ta da irin wannan gari a lokacin.

A 1948 wani manazarci, Leslie Fiedler, ya wallafa maƙalar da ta tayar da ƙura, inda ya ce babban labarin soyayyar adabin Amurka shi ne na farar fata da baƙo a nesa da mata da gari, ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1960. Daga nan aka shiga muhawarar ko akwai sha'awa a ƙarƙashin wannan shaƙuwa. A kan mawaƙi Walt Whitman da waƙoƙinsa na 1860, manazarta da yawa sun ce akwai. Amma ban yarda a ɗauki wannan mudu a auna kowa da shi ba. Whitman ɗin nan, daga ƙarshen 1862 da ya je neman ƙanensa George da aka raunata a yaƙin basasa, ya shafe shekaru yana zaga asibitocin Washington, yana rubuta wa sojoji wasiƙa zuwa ga iyayensu mata, yana riƙe hannun masu cikawa. Masana tarihi da dama na ganin cewa daga ƙarshen ƙarni na 19, musamman bayan shari'ar zargin luwaɗi da aka yi wa marubuci Oscar Wilde a Landan a 1895, zargi ya shiga tsakanin maza, kowa ya fara janye hannunsa, tausasa murya ga aboki ya zama abin tsoro.

Ga inda abin ya kai su. Wani bincike na 2021 ya nuna kashi 15 cikin 100 na mazan Amurka sun ce ba su da aboki na kusa ko ɗaya, alhali a 1990 kashi 3 ne. A 2023 babban likitan ƙasar, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba.

Mu har yau dattawa biyu kan taho daga masallaci riƙe da hannun juna ba mai ɗaga ido, kuma har yau akwai aminin da ake aika wa neman aure, ake bar wa amanar iyali in za a yi tafiya. Amma na fara jin samari a birane suna zolayar wannan da irin zargin da suka kwaso a finafinai da intanet. Kada mu saya. Hausawa sun ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Mai amini ya je masa da ƙafa, ya faɗa masa matsayinsa tun yana ji, kuma in aminin nan talaka ne ko baƙo a gari, ya tsaya masa a gaban jama'a yadda yake tsaya masa in suna su biyu.