Maigida, Ina Za A Kife Kwanukan?

A yawancin gidajenmu na Kafin Hausa, tsaftar kwano takan lalace ne bayan an gama wanke shi. Yarinya za ta durƙusa da soso da omo, ta dirje bayan tukunya da toka har ta yi ƙyalli, ta ɗauraye tas, sannan ta waiga ta rasa inda za ta ajiye. Sai ta kife su a kan tsohon buhu a bakin rariya, ko ta jibge su a baho, wani cikin wani, ruwa na kwance a gindin kowanne. Kafin a jima kaza ta bi ta kai, akuya ta lashe ludayi, agwagwa ta fito daga kwata ta karkaɗe jikinta a wurin. Da magariba, a cikin waɗannan kwanukan za a kwashe tuwo.

Ni uwa ce, na yi wanke-wanke a gidan iyayena, na yi a ɗakina, yanzu kuma 'ya'yana mata ke yi. Abin da nake gani shi ne, kowane gida na bukatar gadon shanya kwanuka wanda ya tashi daga ƙasa, kuma kafa shi nauyi ne a kan maigida, daidai da haƙa masai da gyaran katanga.

Na san wani zai ce, ga tsadar taki, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, sai kuma a zauna ana zancen kwano? To, a duba inda muke zaune. Mu mutanen fadama ne. Ruwan da ya taso daga Kano, ya ratso madatsun Tiga da Challawa, ta ƙasar Hadejia yake bi, kuma idan damina ta yi ƙarfi sai ya haɗu da na sama ya kwanta a ƙofar gidajenmu. Mutanen Bulangu ba su manta da watan Agustan 2022 ba, lokacin da ambaliya ta rusa gidaje ta kori iyalai. Duk sa'ad da ruwa ya shiga gari haka, masai kan cika ya tumbatsa, kashin dabbobi ya narke, su gauraya su bi tsakar gida. Ruwan zai janye, amma abin da ya kwaso yana nan cikin ƙasar da muke kife kwano a kai.

A shekarar 2021, Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, wato kwalara, a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A 2022 aka ayyana jiharmu a matsayin ta farko a ƙasar nan da ta rabu da yin bahaya a fili. Wannan abin alfahari ne. Sai dai masai ƙofa ɗaya ya toshe wa cuta. Akwai ta hannu, akwai ta ruwan sha, akwai kuma ta kwanon da yaro ke siɗewa da yatsa.

Ƙwayar cuta danshi take so. Idan ta samu laima da ɗumi da ɗan ragowar maiƙo, wasu nau'o'inta kan ninka yawansu cikin minti 20 kacal. Kwanukan da aka cusa cikin juna da jiƙonsu sun tanadar mata duka ukun, shi ya sa idan aka ɗaga su da yamma ake jin wani ɗan ƙarni. Ita kuwa ƙwayar kwalara ba ta jure bushewa, hasken rana ma yana kashe ƙwayoyin cuta da dama. Mu tuna kuma, ruwan ɗaurayar kansa ba kullum yake da tsafta ba, ko daga rijiya aka ja shi ko daga jarkar ɗan garuwa. Saboda haka tsanewa da bushewa su ne kariya ta ƙarshe tsakanin wannan ruwa da cikin yaro.

Wata za ta ce ai ita gogewa take yi. Tsumman madafi nawa ne a gidan? Sau tari ɗaya ne. Da shi ake sauke tukunya, da shi ake share hannu bayan an gyara kifi, da shi kuma za a goge farantin baƙo. A Amurka, ƙa'idar da hukumar kula da abinci ta shimfiɗa wa gidajen sayar da abinci ta ce a bar kwanuka su bushe da iska, kada a tsane su da ƙyalle. A ƙauyukan Yuganda da Malawi, ma'aikatan lafiya idan suna zagayen gidaje, sukan duba gadon kwanuka tare da masai da wurin wanke hannu. Ba ma sai mun je nesa ba. Duk wanda ya taɓa shiga rugar Fulani a fadamar nan ya ga yadda ake wanke ƙoren nono a jera su a sama, domin matan sun san ƙwaryar da ta kwana da danshi tana ɓata nono.

Aikin ba shi da wuya. A samo dirkoki huɗu, na maina sun fi, don gara ba ta cika saurin cinsu ba. A kafa su yadda gadon zai kai ƙugun babba ko ya ɗan wuce, a gitta sanduna, a jera karan dawa da ɗan tsakani a ɗaure da igiyar kaba. Mai hali ya kai wa mai walda ya yi masa na ƙarfe da raga. A zaɓi inda hantsi ke bugawa, nesa da masai da turken dabbobi. A ƙarƙashinsa a haƙa ɗan rami a cika da tsakuwa da fasassun tukwane, don ruwan ya nutse maimakon ya taru ya zama gidan sauro. Wajen kifewa kuma, kowane kwano ya samu wurinsa, a ɗan karkata shi iska ta shiga. Ludayi da cokula da mara a zuba su a kwando mai huda.

Akwai ƙorafe-ƙorafe masu tushe. Na farko ƙurar hunturu. Gaskiya ne, kwanon da ya wuni a waje a watan Janairu sai an sake ɗauraye shi. Maganin shi ne a kwashe da zarar sun bushe, kuma a wannan lokacin bushewar ba ta ɗaukar wani dogon lokaci. Na biyu, akushi da ƙwarya da muciya sukan tsage idan rana ta gasa su, don haka nasu wurin inuwa ce mai iska. Na uku, dare. Kada a bar komai ya kwana a kan gadon, domin ɓera na hawa, kuma fitsarinsa da kashinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a rufe ƙorai da mazuban ruwa da dare. Kakanninmu da ragaya da faifai suka kiyaye wannan, mu kuwa ga kwando mai murfi a kowace kasuwa.

Mu mata ma muna da namu. Idan za a yi wa amarya jere, sai a cika mata kabet da tangaran da kuloli waɗanda za su shekara ba a taɓa ba, amma ba wanda ya tambayi inda za ta kife kwanon da za ta ci abinci a ciki kullum. Iyayen amarya su sa kwandon tsane kwanuka a cikin kayan ɗaki, dangin ango kuma su tabbatar akwai inda za a ɗora shi, don kwandon da aka dire a ƙasa bai tsira daga bakin akuya ba.

Ina kira ga duba-gari da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su sa wannan cikin abin da suke dubawa idan sun shiga gida. Masu unguwanni da limamai su faɗa wa magidanta, malaman Islamiyya su faɗa wa mata. Masu gidajen hayar da ɗaliban Jami'ar Sule Lamido ke zaune a ciki su ma su tanadi wurin. Kai kuma maigida, yau idan ka koma gida ka leƙa wajen wanke-wanke ka ga inda kwanon tuwonka yake kife. In a ƙasa ka same shi, ka nemo dirka da kara kafin ruwan farko ya sauka. Kuɗinsu bai kai na ledar ƙarin ruwa da kwana ɗaya a gadon asibiti ba.