Furen Salama: Adon Inuwa Mai Buƙatar Sa Ido

 A wannan makon za mu leƙa farfajiyar gida.

Duk mai bin titunan Jabi, Maitama ko Gwarimpa zai ga masu sayar da furanni sun jera tukwane a ƙarƙashin bishiyoyi. Cikinsu akwai wani mai ganye kore shar da farin fure kamar cokali, wanda suke kira peace lily, wato furen salama. Asalinsa dazuzzukan Kudancin Amurka ne, irin su Kolombiya, inda yake tsirowa a gindin manyan itatuwa. Shi ya sa yake son inuwa, kuma yakan yi shekaru a tukunya ɗaya.

Uwargida, ki ajiye shi a baranda ko kusa da taga, inda haske yake shiga amma rana ba ta dukansa. Ki haɗa baƙar ƙasa da ɗan yashi da taki wanda ya ruɓe, a tukunya mai huji a ƙasa. Kafin ban ruwa ki tsoma yatsa: idan saman ƙasar ya bushe ki zuba, idan da danshi ki dakata, domin yawan ruwa ruɓar da saiwa yake yi. Sanyin Abuja ba ya kashe shi. Bushewar iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ita ce take ƙona bakin ganyen, don haka ki janye shi daga hanyar iska, ki riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Idan tukunya ta cika, ki raba saiwar gida biyu ko uku a farkon damina, wajen Afrilu ko Mayu.

Za a ce miki yana tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali daga binciken hukumar NASA ta Amurka a 1989, amma a cikin rufaffun akwatuna aka yi gwajin. A ɗakin kwana, buɗe taga ya fi tukunya goma amfani.

Ga inda aikina ya shigo. Ganyen da furen suna ɗauke da sinadarin kalsiyam okzalet, mai siffar ƙananan allurai, irin wanda yake sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayin maƙogwaro. Idan yaro mai rarrafe ya tauna, bakinsa zai yi zafi, miyau ya riƙa zuba, leɓe ya kumbura. Yawanci abin yakan lafa cikin 'yan sa'o'i.

Idan hakan ta faru, ki cire ragowar ganyen, ki wanke masa baki, ki ba shi ruwan sanyi ko madara kaɗan-kaɗan. Kada ki sa masa yatsa don ya yi amai, kuma kada ki yi masa ɗuren manja, domin yana iya sarƙewa ya gangara huhu. Idan ruwan ganyen ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15. Da zarar kin ga harshe yana kumbura, murya ta dishe, ko numfashi yana wuya, sai asibiti mafi kusa nan take, ki tafi da ganyen don likita ya gani.

Saura abu ɗaya: farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya. Ruwan da ya kwana a ciki mazaunin sauro ne, kuma ƙwansa yana iya zama sauro cikin kusan kwana 10. Ki riƙa zubarwa bayan kowane ban ruwa.

Ba na ce a fitar da furen daga gida ba. A ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, a wanke hannu bayan an yanke ganye, a kuma sanar da mai reno.

Sai mako mai zuwa, Allah Ya ƙara mana lafiya.