Sa'ar Malam Ba Sadaka Ba Ce

Na ɗauki alƙalami a wannan karo ne domin in yi magana a kan wani abu da na lura yawancinmu masu karatu a birnin New York mun mayar da shi ba a bakin komai ba, wato sa'ar da malami yake warewa bayan darasi domin ɗalibi ya same shi ya tambayi abin da ya shige masa duhu. A farkon kowane zango ana raba mana takardar tsarin darasi, a samanta an rubuta rana da lokaci da ɗakin da malam zai zauna yana jiranmu, amma sai mu nemi ranar jarrabawa mu tsallake wannan layi. Da yawanmu ba su san cewa sai da aka yi kusan shekara ashirin ana kai ruwa rana kafin a yarda a biya malaman wucin gadi kuɗin wannan sa'a a kan kowane darasi ba. Waɗanda suka sani kuwa, wasu sai ka ji suna cewa ai malami don Allah yake koyarwa, wasu kuma su ce ba ruwanmu, karatu ya kawo mu. To da waɗannan maganganu biyu nake so in yi jayayya, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri idan na taɓa wani.

Ga waɗanda ke karanta wannan mujalla daga Ingila ko Masar ko Malesiya, bari in ɗan yi bayani. Birnin New York yana da babbar jami'a ta gwamnati da ake kira CUNY, a ƙarƙashinta akwai kwalejoji bakwai na shekara biyu, irin su Hostos da Bronx Community College a Bronx, da BMCC a Manhattan, da LaGuardia da Queensborough a Queens, da Kingsborough a Brooklyn. Nan ne ƙofar da yawancin 'ya'yan baƙi suke shiga, har da namu na Kano da Maraɗi da zangon Kumasi da na Accra, waɗanda suke tuƙa tasi ko gadi ko kula da tsofaffi da dare, su zo aji da safe idanu jajawur. Ɗalibin da ya gama shekara biyu a nan yana iya wucewa babbar kwaleji ya ƙarasa digirinsa.

Abin da ba a faɗa mana ranar rajista shi ne, malaman da ke tsayawa a gabanmu kashi biyu ne. Akwai na dindindin masu albashin shekara da ofis mai ɗauke da sunansu, akwai kuma na wucin gadi waɗanda ake ɗauka darasi-darasi, a biya su bisa yawan sa'o'i. Waɗannan na biyu sun haura dubu goma a CUNY, kuma su ne ke ɗauke da kusan rabin darussa, musamman na shekarar farko irin su Turanci da lissafi, inda ɗalibi sabo ya fi yin tuntuɓe. Da yawansu suna da digiri na biyu, wasu ma na uku. Dokar aikinsu ta ƙayyade cewa ba za su wuce sa'a 9 a mako a kwaleji ɗaya ba, sai ƙarin darasi guda a wata, shi ya sa za ka ga malaminka ya tattara jaka da sauri yana neman jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa wata unguwa.

Kafin shekarar 2002 ba a biyan waɗannan malamai ko sisi na lokacin da suka ba ɗalibi a wajen aji. A yarjejeniyar da ƙungiyarsu ta PSC ta cim ma a wannan shekara, lokacin shugabancin Barbara Bowen, aka samu sa'a ɗaya tak a mako, ita ma sai ga wanda ke koyar da sa'a 6 ko fiye a kwaleji ɗaya. Mai darasi guda bai samu komai ba. Haka aka ci gaba har zuwa 2019, lokacin da mafi ƙarancin kuɗin darasi ɗaya na zango guda yake kimanin dala 3,200. Kowa ya yi lissafi: darasi shida a shekara bai kai dala 20,000 ba, a garin da kowa ya san yadda haya ke cin albashi. Wasu malamai suka tashi da taken neman dala 7,000 ko yajin aiki, duk da cewa dokar Taylor ta 1967 ta haramta wa ma'aikatan gwamnatin jihar New York yajin aiki, kuma tana cire kuɗin kwana biyu a kan kowace rana da aka yi. A ƙarshen 2019 aka amince da sabuwar yarjejeniya: daga farkon 2020 darasi mai sa'a uku a mako yana tare da sa'ar ofis ɗaya da ake biya, wato sa'a 15 a zango a kan 45 na aji, kuma zuwa 2022 mafi ƙarancin kuɗin darasi ya kai dala 5,500. Yarjejeniyar da aka amince da ita a farkon 2025 ta tsara kai shi dala 7,100 nan da 2027.

Yanzu in koma kan mai cewa malami don Allah yake koyarwa. Wannan magana tana da daɗin ji, amma a ina muka taɓa barin malami haka? A makarantar allo iyayenmu suna aika kuɗin Laraba, suna kai hatsi da kaka, ranar saukar Alƙur'ani a yanka rago a kai wa malam nasa. Malamin zaure da ake zuwa wurinsa bayan Asuba da littafi a hannu, unguwa ce take ɗauke da shi, kuma malamanmu na Malikiyya tun tuni sun halatta karɓar lada a kan koyarwa. Addinin da muke kafa hujja da shi shi ne ya hore mu da gaggauta biyan ma'aikaci haƙƙinsa. Idan kuwa haka ne a garin da malam yake zaune a gidan gadonsa, yaya za mu zo birnin da ake sayen komai mu ce wata baiwar Allah da ta zauna minti arba'in tana gyara mana rubutu ta yi haƙuri da godiya? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da aka yi shekara da shekaru a nan shi ne a sa mutum aski a hana shi lada, sannan a yaba masa da kirki.

Mai cewa ba ruwanmu kuwa, shi ya fi ba ni mamaki, domin babu wanda ruwansa ya kai namu. Ɗan da aka haifa a nan, wanda yayarsa ta yi kwaleji, ya san yadda ake rubuta maƙala da yadda ake ambaton marubucin da aka ɗauko maganarsa. Mu fa? Wanda ya yi sakandare da Faransanci a Damagaram, ko wanda ya saba da haddace takardun malami ya mayar masa a jarrabawa, a ina zai koyi cewa kwafo sakin layi ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne da kan kai ga faɗuwa? An tarbiyyantar da mu kada mu kalli babba ido cikin ido, kada mu katse malami da tambaya, to a cikin aji mai mutum talatin bakinmu yakan mutu. Sa'ar ofis ita ce zaurenmu a wannan ƙasa. A nan ne ake gyara kuskure kafin ya zama sakamako, a nan ne malami yake sanin sunanka har ya iya rubuta maka takardar shaida ranar da za ka nemi tallafin karatu ko gurbi a babbar kwaleji. Mai bizar karatu kuma ya fi kowa sanin tsadar faɗuwa, domin yana biyan kuɗi fiye da ɗan jiha, kuma dole ya riƙe cikakken nauyin darussa kowane zango in yana son takardunsa su zauna lafiya.

CUNY da kanta ta tabbatar da amfanin kusantar ɗalibi. A 2007 ta fara wani shiri mai suna ASAP, inda ake ba ɗaliban kwalejojin shekara biyu kuɗin sufuri da littattafai, a kuma wajabta musu ganin mai ba da shawara a kai a kai. Binciken da cibiyar MDRC ta fitar a 2015 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun kammala cikin shekara uku, yayin da kashi 22 kawai suka kammala a cikin waɗanda ba sa ciki. Idan zama da mai ba da shawara yana cikin abin da ya kawo wannan bambanci, wane hankali ne zai ce zama da malamin da ke koyar da darasin kansa almubazzaranci ne?

Na san akwai malaman da suka yi ƙorafi a 2019 cewa wannan sa'a ƙarin aiki ce aka lulluɓe da sunan ƙarin albashi, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Har yanzu shirya darasi da duba takardu da amsa saƙonnin ɗalibai da tsakar dare suna cin sa'o'in da ba wanda ya ƙirga. Har yanzu akwai malamin da ofishinsa teburi ne guda da yake rabawa da wasu da dama, ta yadda ɗalibar da take son faɗin matsalar gida ba za ta iya buɗe baki ba. Mafi muni, sa'ar tana tafiya ne da mai ita. A tsakiyar 2020, watanni kaɗan bayan fara biyanta, annobar korona ta zo, CUNY ta ƙi sabunta aikin malaman wucin gadi kusan 3,000. Wannan duka dalili ne na neman ƙari. Amma abin da aka samu a riƙe shi da kyau, domin ranar da kasafi ya yi ƙaranci, mai almakashi yakan fara da abin da ya ga ba a amfani da shi. Kada mu manta wannan jami'a kyauta ake karatu a cikinta har zuwa 1976, lokacin da birnin ya shiga matsin tattalin arziki aka sa kuɗin makaranta, kuma har yau ba a cire ba.

Mu da muka fito daga Najeriya bai kamata a yi mana dogon wa'azi ba. A 2022 ƙannenmu sun zauna gida wata takwas saboda yajin aikin ASUU, mun kuma ga yadda malamin da aka wulaƙanta yakan koma sayar da takardu ko ya tattara ya bar ƙasar. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka ga roƙona. Kowane ɗayanmu ya je sa'ar ofis ta kowane malaminsa aƙalla sau biyu a zango, tun kafin jarrabawar tsakiya, da tambaya a rubuce. Idan lokacin ya ci karo da aikinka, ka nemi malam ya sa maka wani ko ku yi ta intanet, ba abin kunya ba ne. Idan an raba takardar auna malamai a ƙarshen zango, ka rubuta cewa ka je kuma ka amfana. Shugabannin ƙungiyarmu su sa wannan bayani cikin abin da ake gaya wa sababbin zuwa, kamar yadda ake nuna musu masallaci da kantin halal. Waɗanda suka zama 'yan ƙasa kuma su sani cewa majalisar birni da ta jiha su ne ke yanke kasafin waɗannan kwalejoji kowace shekara, kuma ɗan majalisar unguwarka yana da ofis da lambar waya. Yarjejeniyar da ake kai za ta ƙare a 2027, za a sake zama, kuma abin da ɗalibai suka faɗa yana da nauyi a irin wannan zama.

Malaman nan sun yi nasu, sun yi shekaru suna ba mu lokacinsu kyauta kafin su samu a biya su. Saura namu, mu ƙwanƙwasa ƙofa mu shiga. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya saka wa malamanmu na gida da na waje da alheri, Ya mayar da mu gida lafiya.