Makokin da Ba Shi da Gawa

Mutuwa tana da tsari a ƙasar Hausa. Ana wanke mamaci, a yi masa sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa. Sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, matarsa ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, daga baya a raba gado. Kowane mataki yana shaida wa zuciya cewa abin ya tabbata, yana kuma nuna wa jama'a abin da ya hau kansu.

Ɓacewar mutum ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akan zo jaje a makon farko, a ce "Allah ya bayyana", daga nan ƙafa ta ɗauke. Uwa ba ta san ko gafara za ta roƙa wa ɗanta ko kariya ba. Matar ba ta zama bazawara ba, ba ta kuma da miji a ɗaki. Idan ta yi kuka a ce ta yanke ƙauna, idan ta yi kwalliya a ce ta manta.

Irin waɗannan gidaje ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta yi rajistar sama da mutum 20,000 da suka ɓace a Nijeriya, akasari a Arewa maso Gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da aka rasa su. Daga cikin ɗalibai 276 da aka sace a Chibok a 2014, gommai ba su dawo ba. A watan Agustan 2019 aka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, daga gidansa a Kaduna, har yau babu hukumar da ta ce ga inda yake.

Abin takaici shi ne, magabata ba su bar wannan babi a buɗe ba. A fiƙihun Malikiyya, matar mafƙudi tana kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, a yanka mata wa'adin shekara huɗu, sannan ta yi iddar mutuwa. Idan bai bar mata abin ci ba, tana iya neman a raba auren tun kafin nan. Dokar shaida ta Nijeriya ma tana ɗaukar wanda aka shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba a matsayin mamaci. Mata nawa aka taɓa yi wa wannan bayani? Mun taƙaita nasiharmu a kan "a yi haƙuri", muka ɓoye musu haƙƙin da ke tare da haƙurin.

A ganina, haƙƙi na farko shi ne sani. Wajibi ne hukuma ta fitar da sunayen waɗanda take tsare da su, ta adana bayanan gawarwakin da aka binne ba tare da an gane su ba, ta kuma buɗe rajista ɗaya da iyali za su iya dubawa. Malamai da lauyoyi su kai hukuncin mafƙudi inda matan za su ji shi.

Sauranmu kuwa, kada mu jira gawa kafin mu taka zuwa gidan. A koma bayan shekara, a ambaci sunan wanda ya ɓace, a tambayi wa ke biya wa yaransa kuɗin makaranta.